Darasi: Amsa Tambayoyin Jami'in Shige da Fice Kafin Neman Bizar Ritaya a Tailan

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta biza da izinin shiga ƙasa;
2. faɗin sharuɗɗan zaman ritaya a Tailan da hanyoyin samunsa;
3. lissafa takardun da matafiyi zai riƙe a hannu ranar isa;
4. amsa tambayoyin jami'in shige da fice da gaskiya, a taƙaice, daidai da abin da ke cikin takardunsa;
5. ƙirga kwanakin da aka ba shi da tarar da ke kan wanda ya wuce su.

1. Biza daban, izinin shiga daban

Tailan ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, kuma tana cikin ƙasashen da ke ba baƙo mai shekara 50 zuwa sama damar zama bayan ya ajiye aiki. Masu wannan niyya sukan fara zuwa su ga wuri, su san yanayin gari da asibitoci da tsadar haya, daga baya su nemi izinin dogon zama. Saboda haka mutum na farko da za su yi magana da shi kan zamansu shi ne jami'in shige da fice da ke filin jirgin sama, walau a Suvarnabhumi da Don Mueang da ke Bankok, ko a Phuket, ko a Chiang Mai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar biza ta fito an gama. Ba haka abin yake ba. Ofishin jakadanci ne ke ba da biza, kuma yana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Izinin shiga kuwa yana hannun hukumar shige da fice, wadda a Tailan reshe ce ta rundunar 'yan sandan ƙasar. Biza tamkar sallama ce a ƙofar gida: tana kai mutum bakin zaure, amma ba ya sa ƙafa ciki sai mai gida ya amsa. Jami'in da ke kan tebur yana da ikon buga hatimi, yana kuma da ikon hanawa idan ya ga dalilin da doka ta ambata.

> Muhimman kalmomi
>
> Biza: amincewar ofishin jakadanci cewa mutum ya taho ya nemi shiga ƙasa don wata manufa da aka ambata.
>
> Izinin shiga: hatimin da jami'in shige da fice ke bugawa a fasfo, mai ɗauke da ranar shiga da ranar ƙarshe ta zama.
>
> Manufar tafiya: dalilin zuwan mutum, kamar yawon buɗe ido, neman magani, kasuwanci, karatu ko ritaya.
>
> Baht: kuɗin ƙasar Tailan.

2. Abin da jami'i yake nema

Jami'i ba don son hira yake tambaya ba. Dokar shige da fice ta Tailan ta shekarar 1979, a sashe na 12, ta jera mutanen da ba a yarda su shiga ƙasar ba. Daga cikinsu akwai wanda ba shi da ingantaccen fasfo ko bizar da ta dace, da wanda ba shi da abin da zai riƙe kansa, da wanda ya zo yin aiki ba bisa ƙa'ida ba, da mai ɗauke da wasu cututtuka da aka ayyana, da wanda bai yi rigakafin da aka wajabta ba, da wanda ake ganin barazana ne ga zaman lafiyar jama'a.

Duk tambayar da za a yi a kan tebur daga wannan jeri ta samo tushe. Idan aka ce "Nawa ke hannunka?", ana auna ko mutum zai iya ciyar da kansa. Idan aka ce "Me ka zo yi?", ana auna ko bakinsa ya yi daidai da bizarsa, da kuma ko aiki ya zo nema a ɓoye. Idan aka ce "Yaushe za ka koma?", ana auna ko zai wuce wa'adi. Wanda ya gane haka ba ya ɗaukar tambaya a matsayin raini. Yana ganin abin da jami'i ke son tabbatarwa, sai ya miƙa masa shi kai tsaye.

3. Hanyoyi uku zuwa zaman ritaya

Amsar da ta dace a filin jirgi ta dogara ne ga irin bizar da ke hannun matafiyi. Don haka sai an fara sanin hanyoyin.

*Hanya ta farko: bizar O-A.* Ana nemanta tun daga gida, a ofishin jakadancin Tailan. Tana ba da zaman shekara ɗaya daga ranar shiga. Ana buƙatar shekara 50, da shaidar kuɗin da suka kai baht 800,000 a banki ko kuɗin shiga na baht 65,000 a wata, da takardar 'yan sanda mai nuna mutum ba shi da tarihin laifi, da inshorar lafiya ta baht miliyan 3 ko dalar Amurka 100,000, da takardar likita mai nuna ba shi da kuturta, tarin fuka, tundurmi, tunjeren da ya yi nisa, ko jarabar miyagun ƙwayoyi.

*Hanya ta biyu: bizar O ta kwana 90.* Ita ma daga gida ake nemanta, bisa dalilin ritaya. Bayan an shiga, sai a buɗe asusu a bankin Tailan, a zuba kuɗin, a nemi tsawaita zama zuwa shekara ɗaya a ofishin shige da fice na lardin da ake zaune. Ana cike fom mai lamba TM.7, a biya baht 1,900.

*Hanya ta uku: shiga da bizar yawon buɗe ido, sannan a nemi sauya ta.* Wannan biza tana ba da kwana 60. Ana neman sauyin a cikin ƙasa da fom TM.86, a biya baht 2,000, kuma sai akwai aƙalla kwana 15 da suka rage a kan hatimi. Idan an amince, sai a ba da kwana 90, daga nan a bi matakan hanya ta biyu. Wannan hanya ita ce mafi wahala. Dole baht 800,000 su kasance a bankin Tailan tare da shaidar cewa daga waje aka turo su, alhali bankuna da yawa ba sa buɗe asusu ga mai bizar yawon buɗe ido. Amincewa da sauyin kuma yana hannun ofishin, ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce sai an ba shi.

A kowace daga cikin hanyoyin nan uku, mai zaman ritaya ba shi da izinin yin aiki.

> Muhimman kalmomi
>
> Tsawaita zama: ƙarin lokacin da ofishin shige da fice ke bayarwa a cikin ƙasa kafin hatimin farko ya ƙare.
>
> Sauya biza: mayar da biza daga wani rukuni zuwa wani ba tare da an fita daga ƙasa ba.
>
> Kwanciyar kuɗi: tsawon lokacin da kuɗi za su zauna a asusu ba a taɓa su ba. Don tsawaita zaman ritaya da ajiyar banki kaɗai, baht 800,000 za su kwanta wata biyu kafin neman izini da wata uku bayan samunsa, sannan kada asusun ya sauka ƙasa da baht 400,000 a sauran shekarar.

Misali na 1: haɗa fansho da ajiya

Doka ta yarda a haɗa kuɗin shiga na shekara da ajiyar banki, muddin jimillarsu ta kai baht 800,000. A ɗauka wani tsohon ma'aikaci yana karɓar fanshon da ya kai baht 40,000 a wata.

Fanshon shekara: 40,000 × 12 = 480,000.

Abin da ya rage: 800,000 − 480,000 = 320,000.

Ke nan yana buƙatar aƙalla baht 320,000 a banki. Da yake canji na hawa da sauka, mai hankali yakan ajiye fiye da haka, don kada faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsa ta jawo jimillar ta gaza ranar da zai miƙa takardu.

4. Shiri kafin tashi

A watan Yulin 2024 Tailan ta yafe wa 'yan ƙasashe 93 neman biza don gajeriyar ziyara. Najeriya da Nijar ba sa cikinsu, don haka masu fasfon ƙasashen nan biyu sai da biza a hannu kafin su hau jirgi. Tailan tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma daga farkon shekarar 2025 ana neman bizarta ta intanet. Ɗan Najeriya yana buƙatar takardar tantancewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Sharuɗɗan biza suna sauyawa, kuma ba iri ɗaya ake gindaya wa kowace ƙasa ba, saboda haka ana tabbatar da su daga ofishin jakadancin kafin a sayi tikiti.

Ga abubuwan da za su kasance a jakar hannu, ba a cikin akwatin da aka auna ba:

- fasfo mai sauran wa'adin aƙalla wata shida;
- kwafin biza da aka buga a takarda;
- katin rigakafin cutar shawara;
- katin isowa na intanet, wato TDAC;
- tikitin komawa ko na wucewa wata ƙasa;
- shaidar masauki mai ɗauke da cikakken adireshi da lambar waya;
- tsabar kuɗin da suka kai baht 20,000 ga mutum ɗaya, ko 40,000 ga iyali, ko kwatankwacinsu a dala ko yuro;
- bayanin asusun banki da takardar fansho.

Abubuwa biyu daga ciki suna buƙatar ƙarin bayani. Na farko katin shawara. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da Tailan ke neman wannan kati daga matafiyansu. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har ƙarshen rayuwa. A filin jirgi ana fara zuwa teburin jami'an lafiya su duba katin kafin a shiga layin shige da fice. Wanda ya tsallake wannan tebur, sai an mayar da shi baya.

Na biyu TDAC. An fara amfani da shi ranar 1 ga Mayun 2025, ya maye gurbin katin takarda da ake cikewa a jirgi. Ana cike shi cikin kwana uku kafin isa, a shafin hukumar shige da fice, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na hukuma ba ne. A cikinsa ana rubuta manufar tafiya da adireshin masauki, kuma jami'i yana ganin wannan bayani a kwamfutarsa. Dattijon da ɗansa ko jikansa ya cike masa katin, ya wajaba ya san abin da aka rubuta, don kada bakinsa ya saɓa wa katinsa.

Akwai kuma batun kaya. Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko ciwon sukari, ya bar shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Abu mafi muhimmanci shi ne kada matafiyi ya karɓi saƙon kowa a rufe, ko da ɗan'uwa ne ya ba shi. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Tailan mai tsanani ne ƙwarai, kuma duk abin da aka samu a jakar mutum, shi za a tambaya.

5. Tambayoyin da aka fi yi

A kan tebur jami'i zai karɓi fasfo, ya ɗauki hoton fuska da zanen yatsu. Sau da yawa ba ya cewa komai, sai dai ya buga hatimi. Idan ya yi tambaya, da Turanci yake yi, kuma ba ta wuce waɗannan:

*Me ka zo yi?* Amsa ita ce manufar da ke kan biza. Mai bizar O ko O-A ya ce ritaya. Mai bizar yawon buɗe ido ya ce ziyara ko hutu.

*Kwana nawa za ka yi?* A faɗi adadi ko rana, kuma su dace da tikiti. "Sai yadda hali ya yi" magana ce ta gida, amma a kan wannan tebur tana nuna mutum ba shi da ranar fita.

*A ina za ka sauka?* A faɗi sunan otal ko unguwa, a nuna takarda. Idan gidan wani ne, a san cikakken sunansa da lambarsa, don ana iya kiransa nan take.

*Da me za ka riƙe kanka?* A ce fansho ko ajiya, a nuna kuɗin idan an nema. Ba lalle ne jami'i ya karɓi katin banki ko hoton asusu a waya a madadin tsabar kuɗi ba.

*Wane aiki kake yi?* A ce an yi ritaya, a faɗi aikin da aka bari idan an tambaya.

*Ka taɓa zuwa?* A faɗi gaskiya. Duk shiga da fitar da mutum ya yi a baya tana gaban jami'i, har da ta tsohon fasfo, tunda zanen yatsa ba ya sauyawa.

> Ƙa'idoji uku na amsa
>
> Gaskiya: kada a faɗi abin da ba haka yake ba.
>
> Taƙaitawa: a amsa abin da aka tambaya, a tsaya.
>
> Daidaito: baki, da biza, da TDAC, da tikiti su faɗi magana ɗaya.

6. Idan an tambayi niyyar ritaya

Nan ne masu bin hanya ta uku suka fi rikicewa. Mutum yana riƙe da bizar yawon buɗe ido, amma a ransa yana fatan zama. Wasu sukan ji tsoro su ɓoye, wasu kuma sukan fara zuba labarin shirinsu ba a tambaye su ba. Duka biyun kuskure ne.

Neman zaman ritaya ba laifi ba ne, hukumar da kanta ta buɗe hanyarsa. Sai dai jami'in filin jirgi ba shi ke duba wannan buƙata ba. Abin da ke gabansa shi ne shigar yau: ko mutum ya cika sharuɗɗan bizar da ya zo da ita. Wanda ya zo ya ga gari na kwana 60, yana da masauki da kuɗi da tikitin komawa, to mai ziyara ne na gaskiya, ko da yana tunanin zama nan gaba. Idan ba a tambaye shi shirin gaba ba, ba dole ne ya kawo maganar ba. Idan kuwa an tambaya, sai ya faɗi gaskiya, ya haɗa da abin da zai kwantar wa jami'i hankali, wato cewa ta hanyar doka zai nema, kuma idan bai samu ba zai fita kafin wa'adi.

Illar ƙarya ita ce tana jawo wata tambayar. Wanda ya ce mako biyu zai yi, alhali tikitinsa na wata biyu ne kuma yarjejeniyar hayarsa ta shekara ce, ya ba jami'i dalilin shakkar duk sauran maganarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gaban mai kwamfuta.

Misali na 2: amsa mai kyau

Wani tsohon shugaban makaranta mai shekara 62 ya isa Suvarnabhumi da bizar yawon buɗe ido.

Jami'i: Me ka zo yi Tailan?

Matafiyi: Ziyara, yallaɓai.

Jami'i: Kwana nawa?

Matafiyi: Kwana 55. Ga tikitin komawata.

Jami'i: Ya yi yawa ga ziyara. Zama kake son yi?

Matafiyi: Na yi ritaya, ina son in ga ko garin zai karɓe ni. Idan ya yi mini, zan nemi bizar ritaya a ofishinku. Idan bai yiwu ba, zan koma ranar da ke kan tikitin nan.

Jami'i: Za ka yi aiki a nan?

Matafiyi: A'a. Da fanshona nake rayuwa. Ga takardar.

A nan kowace amsa tana da takarda a bayanta. Matafiyin bai ɓoye niyyarsa ba, bai kuma faɗe ta ba sai da aka tambaya.

Misali na 3: amsar da ke jawo matsala

Wani ɗan kasuwa mai shekara 57 ya zo da irin wannan biza.

Jami'a: Kwana nawa za ka yi?

Matafiyi: Ban tsayar ba tukuna. Na dawo nan da zama ne.

Jami'a: Ina tikitin komawa?

Matafiyi: Ban saya ba, tunda ba komawa zan yi ba.

Jami'a: A ina za ka sauka?

Matafiyi: Wani abokina zai zo ya ɗauke ni. Yana da shago a Pratunam, zan riƙa taya shi kafin takarduna su fito.

Wannan mutum bai yi ƙarya ba, amma abin da ya faɗa ya nuna bizar da ke hannunsa ba ta dace da shirinsa ba. Ba shi da ranar fita, ba shi da adireshi, kuma taya aboki tsaron shago aiki ne a idon doka ko da ba a biya shi. Gyaran wannan ba a sauya magana yake ba, a sauya shiri yake. Wanda ya riga ya yanke shawarar zama, ya nemi bizar O ko O-A tun daga gida, ya kuma cire batun aiki daga lissafinsa.

7. Idan an kai mutum ɗakin ƙarin bincike

Wani lokaci jami'i yakan miƙa matafiyi ga shugabansa don ƙarin tambayoyi. Wannan ba kora ba ce, mafi yawan waɗanda takardunsu suka cika suna wucewa. A irin wannan hali ana kiyaye abubuwa biyar. Kada a ɗaga murya, domin a al'adar mutanen Tailan fushi a bainar jama'a yana zubar da girman mai yinsa. A maimaita amsar da aka bayar tun farko, ba a sako wata sabuwa ba. Wanda bai fahimci tambaya ba ya nemi a maimaita ko a kawo tafinta, maimakon ya ce "e" don kunya. Kada a sa hannu a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba. Kada kuma a miƙa wa jami'i kuɗi ko kyauta, domin cin hanci ne, kuma laifi ne mai zaman kansa.

Idan an hana shiga, akan tsare mutum a filin jirgi har a mayar da shi inda ya fito. Sashe na 22 na dokar 1979 ya ba da damar ɗaukaka ƙara ga minista cikin sa'o'i 48, sai dai damar ba ta shafi wanda aka hana saboda rashin ingantaccen fasfo ko biza ba. Matafiyi yana iya neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa.

8. Bayan an buga hatimi

Kafin a bar tebur, a buɗe fasfo a karanta ranar ƙarshe da aka rubuta. Ita ce doka a kan matafiyi, ba ranar da ke jikin biza ba. Idan an ba mai bizar kwana 90 kwana 60 bisa kuskure, gyaransa a wurin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A lura kuma cewa takardun banki da na hukuma a Tailan sukan yi amfani da shekarar Buddha, wadda ta zarce ta Miladiyya da shekara 543. Shekarar 2025, alal misali, ita ce 2568.

Misali na 4: ƙirga kwanaki

Ranar shiga ita ce rana ta ɗaya. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta shiga ranar 10 ga Maris, aka ba ta kwana 60.

Daga 10 zuwa 31 ga Maris: kwana 22.

Watan Afrilu: kwana 30, jimilla 52.

Sauran kwana 8 a watan Mayu: wa'adinta 8 ga Mayu.

Idan za ta nemi sauya biza, sai ta cire kwana 15 daga wannan rana, wato ta miƙa takardu kafin 23 ga Afrilu. Wasu ofisoshi suna neman fiye da kwana 15, don haka gara ta je tun a makonnin farko.

Misali na 5: tarar wuce wa'adi

Tarar ita ce baht 500 a kowace rana, kuma ba ta wuce 20,000. Wanda ya wuce da kwana 12 zai biya 12 × 500 = 6,000. A kwana 40 tarar ta kai iyakarta. Sai dai kuɗi ba su ne babbar asara ba. Tun watan Maris na 2016, wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 90 ya miƙa kansa ana hana shi shiga na shekara ɗaya. Wanda aka kama kuwa, idan wucewar ba ta kai shekara ba, ana hana shi na shekara biyar.

Akwai wajibai uku da ke biyo bayan shiga. Na farko, mai otal ko mai gidan haya zai sanar da hukuma saukar baƙo cikin sa'o'i 24 da fom TM.30, kuma ofishin shige da fice yakan nemi shaidar wannan sanarwa kafin ya karɓi buƙatar tsawaita zama. Na biyu, duk wanda ya zauna kwana 90 a jere zai sanar da adireshinsa, ya kuma riƙa maimaitawa duk kwana 90. Ana iya yi daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta, wanda ya makara kuma tararsa baht 2,000. Na uku, mai tsawaitaccen zama da zai fita, ko don aikin Hajji ko don ziyarar gida, sai ya sayi izinin sake shiga kafin ya tashi: baht 1,000 na fita ɗaya, 3,800 na fita da yawa. Idan ya fita ba tare da shi ba, izinin zamansa ya mutu, sai ya sake komai daga farko.

> Muhimman kalmomi
>
> Wuce wa'adi: zama a ƙasa bayan ranar ƙarshe da ke kan hatimi.
>
> Rahoton kwana 90: sanar da hukuma adireshin da baƙo ke zaune duk bayan kwana 90.
>
> Izinin sake shiga: hatimin da ke kare izinin zama idan mai shi ya fita ya dawo.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin biza da izinin shiga, kuma wace hukuma ke ba da kowanne?
2. Kawo rukuni huɗu na mutanen da sashe na 12 na dokar 1979 ya hana shiga Tailan.
3. Faɗi hanyoyi uku na samun zaman ritaya. Wacce ta fi wahala, kuma me ya sa?
4. Lissafa abubuwa shida da za su kasance a jakar hannun matafiyi daga Najeriya ko Nijar.
5. Me ya sa ya wajaba matafiyi ya san abin da aka rubuta a TDAC ɗinsa?
6. Bayyana ƙa'idoji uku na amsa, ka kawo misali ɗaya ga kowacce.
7. A Misali na 3, waɗanne abubuwa uku ne suka tayar wa jami'ar hankali? Me ya kamata matafiyin ya yi tun daga gida?
8. Wata mata tana karɓar fanshon da ya kai baht 50,000 a wata. Nawa take buƙata a banki don jimillar ta kai baht 800,000?
9. Wani ya shiga ranar 1 ga Yuni, aka ba shi kwana 60. Wace rana wa'adinsa zai cika? Idan ya fita kwana 9 bayan wa'adin, nawa zai biya?
10. Me zai faru da mai tsawaitaccen zama idan ya tafi Hajji bai sayi izinin sake shiga ba?

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama jami'i, ɗaya ya zama mai ritaya da ya zo da bizar yawon buɗe ido. Jami'i ya yi tambayoyi shida na sashe na 5, ya ƙara da tambayar niyyar zama. Sauran ɗalibai su auna kowace amsa da ƙa'idoji uku, sannan a sauya matsayi a maimaita da mai bizar O-A.